Waƙar da Ba a Yinta a Tudu

Ana sallame sallar asuba muka bar Yelwa, mu uku a motar ma'aikatar lafiya: direba, da likitan da nake yi wa tafinta, da ni. Aikin da ya fitar da mu shi ne yi wa mutanen tsibiran kogin Kwara allurar lamba kafin a tashe su, domin kowa ya san madatsar Kainji ta kusa ƙarewa, kuma ranar da aka rufe ta ruwa zai fara hawa har ya shanye tsibiran. Wannan shi ne aikin gwamnati. Ni kuwa ina ɗauke da wani na biyu, wanda ya fi akwatin allurai nauyi a zuciyata.

Kafin mu tashi, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Kawunka ya tsufa. Ɗiyanshi duk sun tahi aikin dam, ba mai niyyar komowa. Ka je ka karɓo waƙar gidanmu tun ruwa bai ci gungun ba. In ba ka karɓo ba, da shi za a binne ta."

Gungu shi ne yadda muke kiran tsibiri. A can aka haife ni, amma ina ƙarami mahaifina ya rasu, Inna ta dawo da ni Yelwa aka sa ni elementare, kuma iyakar karatuna ke nan. Gungancina, wato harshenmu na gungu, ya yi rauni, ina ji amma mayarwa sai da tuntuɓe. Abin da ya fi wannan muni, ina tsoron ruwa. Waƙar da ake magana kuwa ta masu tuƙin jirgi ce. Don haka na shirya yadda na iya: na sayi sabon littafin rubutu da fensir biyu, na fiƙe su, na naɗe a leda, na sa a ƙasan jaka. Kafin mu kai Birnin Yauri na buɗe jakar na duba fiye da yadda ya kamata, har direba ya tambaye ni ko ƙwai na ɗauko.

Hanyar jar ƙasa ce, duk gargada, ga zafin bazara tun hantsi bai ɗaga ba. A Birnin Yauri muka tsaya gefen ragowar ganuwa muka sha fura da nono wurin wata Bafulatana. Ta cika ludayi sai ta rage, ta ce tun da ma'aikatan dam suka zo komai ya tashi, kazar da ake saya sule ɗaya yanzu ba a ko kallonka da sule biyu. Daga nan muka karkata kudu wajen Ngaski. Mun yi ta wuce mata Kambari ɗauke da itace da ƙwarya a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda suka saba, suna matsawa cikin ciyawa su ba mota hanya. Can gaba muka ga sababbin gidajen da aka gina wa waɗanda za a tasa, a jere kamar haƙoran mataji, duk iri ɗaya, babu inuwa ko ta tsiron gero. Na yi ta tunanin yadda tsoho zai gane ƙofarsa a cikinsu.

Wani abin da ya riƙa ɗaukar idona shi ne turaku. A kan tudu, nesa da kogi, an kakkafa su an shafe da farin fenti. Direba ya ce ma'auna, wato masu awon ƙasa, su suka kafa, nan ruwa zai tsaya. Na dubi inda kogi yake, na dubi turken. Awaki ne ke kiwo a wurin.

Bari in gabatar muku da likitan. Mutumin ƙasar Filifin ne, wata ƙasa can gabas mai nisa, wadda ya ce duk tsibirai ce dubbai a cikin teku. Gajere ne mai yawan dariya. Duk ƙauyen da muka shiga sai an yi gardama a kansa, wasu su ce Bature ne, wasu su ce a'a, Bature ba ya cin tuwo da hannu. Hausarsa ta fi ƙarfi a wajen abinci. Abin da ya gagare shi sai ya faɗa da Turanci, ni kuma in lallaɓa da ɗan nawa.

Motar ta yi zafi kafin mu kai bakin ruwa, muka fake a gindin wata ɗorawa tana hucewa. A nan likita ya ga littafin, ya tambaye ni, na gaya masa saƙon Inna. Na ce niyyata in rubuta waƙar kalma bayan kalma, ba ragi ba ƙari, domin amana ce.

Sai ya ba ni labarin ƙasarsu. Ya ce tun kafin wani baƙo ya sauka a tsibiransu suna da waƙa ga kowane aiki: ta tuƙin jirgi, ta dakan shinkafa, ta rarrashin jariri, ta makoki, da wasu dogaye na jarumai waɗanda ake kwana da kwanaki ba a kai ƙarshensu ba. Suna da rubutunsu na kansu, da wuƙa ake zana shi a jikin gora, amma gora ba ta jure ruwan sama da gara, yawancinsa ya tafi. Sai Turawan Sifen suka zo suka zauna ɗaruruwan shekaru, da addininsu da injin buga littafi. Mutane suka ɗauki labaran sabon addinin suka zuba su a irin rerawarsu ta gida. Ya ce kakarsa tana cikin matan da ke haɗuwa lokacin azuminsu suna rera irin wannan, wata ta gaji wata ta karɓa. Daga baya samarin da suka koyi harshen masu mulki suka rubuta littattafai da shi suna tona asirin mulkin, littattafan suka ta da jama'a. Bayan su Amirkawa suka zo da Turanci. Yanzu da suka samu mulkin kai, shekaru kaɗan kafin namu, wasu na rubutu da Turanci, wasu da harsunan gida, wasu mawaƙa na tsayawa a dandali suna muhawara da baitoci jama'a na yanke hukunci da tafi, kuma har yau ana gardamar wanne ne nasu na ainihi.

Na ce, "To wanne ne na ainihin?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Kakata ba ta taɓa rera abu iri ɗaya sau biyu ba. Kuma in ka ce ta canza, sai ta jefe ka da takalmi."

Maganar ba ta kwanta mini ba. A wurin aikina an koya mini cewa abin da aka rubuta a kwalba shi za ka kwafa, in ka ƙara naka ka kashe mutum. Na ƙudura cewa tamu waƙar ba za ta sha irin wannan ba.

Da azahar muka kai mashiga. Direba ya zauna da mota, ni da likita muka shiga kwalekwale da akwatin allurai. Ba zan ɓoye muku ba, na riƙe gefen jirgin har yatsuna suka sage, kuma duk addu'ar da na sani na karanta. Kogin ya ja baya sosai, duwatsu baƙaƙe sun fito ko'ina. Mai jirgin ya ce mu ƙare musu kallo, wannan ce bazara ta ƙarshe da za su ga rana.

Gungunmu ya yi mini ƙanƙanta a ido, ba kamar yadda na bar shi ba. Warin albasa ne ya fara tarbarmu, an tone ta an baza a rumfuna, sai hayaƙin bandar kifi. Wasu gidajen an riga an cire musu ƙyaure da azara. Muka kafa tebur a gindin tsamiya muka yi lamba har la'asar sakaliya, yara na kuka, manya na cewa a gun wa za su kai ƙara tun da ga allura ga tashi. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Likita ya naɗe hannun riga ya ce yau ya dawo gida. Wata tsohuwa ta tsaya kallonsa har ya suɗe kwano, ta yanke hukunci cewa Bagunge ne da ya ɓata.

Na sami Kawu a ƙofar gidansa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ya rame, amma damatsansa na nan kamar icen gawo. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da saƙon Inna, na ciro littafi da fensir.

Ya dube su. Ya ce, "Wanga fa?"

Na ce, "Rubutawa zan yi, Kawu, don kada in ɓata."

"Malam Fensir. To da wane hannu za ka riƙe filafili?"

Sai ya faɗa mini ƙa'idar da Inna ba ta faɗa ba, kuma ina zaton da gangan ta yi. Ba a yin waƙar nan a tudu. Sai ruwa na ƙarƙashinka, filafilin tuƙi na hannunka, domin shi ke ba ta kiɗa. Mai karɓa shi ke zama a bayan jirgi ya tuƙa, a zagaya gungun, mai bayarwa ya yi baiti shi ya maimaita. Na roƙe shi ya ɗan yi mini ko kaɗan a zaune in fara rubutawa. Ya ce in ina so ya yi mini tatsuniya zai yi.

Na koma na gaya wa likita. Na yi tunanin in ce ya riƙe littafin ya rubuta abin da ya ji, amma mutumin da ke kiran miya "niya" ba zan ba shi amanar Gunganci ba. Na auna abin ta kowace fuska. In na ƙi shiga jirgin, ba ni da fuskar da zan kalli Inna. In na shiga, wataƙila in kifar da tsoho da likitan gwamnati. Na zaɓi in shiga.

Washegari da hantsi muka sauka bakin ruwa. Kawu ya zauna a gaba, likita a tsakiya da ɓawon ƙwarya yana kwashe ruwan da ke tsatsowa, ni a baya. Tuƙin farko jirgin ya juya ya kalli inda muka fito. Na biyu ma haka. Matan da ke wanki suka bar wankinsu. Kawu bai ko waiwayo ba, ya ce, "Ruwan ba abokin faɗanka ba ne, bar dukanshi. Tsoma, ja, ɗaga." Na tsoma, na ja, na ɗaga. Da jirgin ya miƙe sai ya fara.

Muryarsa ba ta da daɗi irin na mawaƙan rediyo, amma tana faɗuwa daidai inda filafili ke shiga ruwa. Na lura kowane baiti da wurinsa. Da muka zo wani dutse mai tsaga, baitin dutsen ne. Da muka zo inda ruwa ke juyi, baitin ya gaya wa matuƙi ya bi hagu. Baitocin farko da wani tsohon Gunganci suke, wanda ban taɓa ji ba. Na tsaya na tambayi ma'anar wata kalma. Kawu ya ce shi ma bai sani ba, haka ya karɓa, in ci gaba da tuƙi kada ruwa ya kai mu Bussa. Ina maimaitawa ina jin kunya, ga zufa na shiga mini ido.

Da muka yi nisa sai harshen ya fara sauƙi. Hausa ta fara shigowa. A wata mashaya baitin ya buɗe da bisimilla, Kawu ya ce na kakan kakansa ne, wanda ya fara salla a gidan. Gaba kaɗan aka ambaci jirgin Bature mai hayaƙi da ya maƙale a yashi. Sai baitin mahaifin Kawu da Inna, a kan wata gaɓa inda ya tsamo saniyar wani Bafulatani. Sai na Kawu kansa, na shekarar da fara ta cinye gonaki, a gindin wata giginya. Likita ya daina kwasar ruwa yana saurare, har sai da Kawu ya nuna masa ƙafafunsa da suka nutse.

Wani abu ya dame ni. A baitin dutse mai tsaga na roƙi a maimaita, kuma da Kawu ya sake yi, ƙarshen ya bambanta da na farko. Na ce, "Kawu, ɗazu ba haka ka ce ba."

Ya ce, "Ɗazu muna sama da dutsen, yanzu muna ƙasa da shi. Kai in ka juya baya hagunka na nan inda take?"

Likita ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na san kakarsa ya tuna.

Mun kusa rufe zagaye, hannuwana sun yi bororo, ina ganin mashigar da muka taso, ina cewa a raina Alhamdu lillahi na tsira. Sai Kawu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tsaya nan. Saura naka."

Na ce, "Nawa me?"

"Baitinka. Kowa da ka ji a cikin waƙar nan, ranar da ya karɓa ya sa nashi. Ka zaɓi wurin da ba wanda ya ambata, ka ba shi baiti, kafin jirgi ya taɓa ƙasa. In ya taɓa ba ka yi ba, ba ka karɓa ba, yawo muka yi."

Na ce ni ba mawaƙi ba ne. Na ce amana aka aiko ni ɗauka, ba ƙari ba. Na ce wane ni in sa bakina kusa da na kakanni, ni da ko Gungancin kirki ba ni da shi. Kawu ya ce shi ba ya sauri, amma ruwa na yi. Gaskiya ne, igiyar ruwa na tura mu gaɓa a hankali, sai na riƙa tuƙi baya don kada mu taɓa.

Likita ya juyo. Da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, "Mai bisimilla ma, ranar nan, sabo ne."

Na duba ko'ina. Kowane dutse da mai shi, kowace gaɓa an riga ni. Kuma ko da na samu wanda ba a ambata ba, baɗi yana ƙarƙashin ruwa, wanda zai karɓa daga hannuna ba zai taɓa ganinsa ba. Ina cikin wannan sai idona ya haye kogi ya hau tudun ƙetare, na hango farin turken nan na ma'auna shi kaɗai a rana. Na ɗaga filafili na nuna shi.

Kawu ya kare ido da hannu. Ya ce, "Malam Fensir, wancan tudu ne. Jirgi ba ya zuwa can."

Na ce, "Baɗi zai je, Kawu."

 Sai ya gyara zama ya ce, "To tsoma."

Na tsoma, na ja, na yi da Hausa domin ita na iya:

Farin turke a kan tudu,
yau awaki ke kiwo gindinka,
baɗi in Allah ya so nan za mu ɗaure jirgi,
ku na ƙasa, mun san inda kuke.

Layi na uku ya fi tuƙin tsawo, sai da na ja filafili sau biyu kafin ya ƙare. Na so in cire "in Allah ya so" don ya daidaita, amma ban iya faɗin abin da bai faru ba tukuna ba tare da shi ba. Kawu ya maimaita baitin, ya haɗiye wani wuri ya ja wani, sai ga shi ya zauna daram. Bai ce ya yi kyau ba. Ya ce, "Kai mu gaɓa." Da muka sauka ya karɓi filafilin, ya juya shi, ya miƙo mini ta wajen mariƙi. Ya ce in tafi da shi.

Sauran kwanakin da muka yi a tsibiran ina aikin lamba da rana, da yamma in ja Kawu mu sake zagaye, domin ban yarda da kaina ba. Ya ce tun da aka fara waƙar ba a taɓa samun mai naci irina ba. Likita kuma ya yi mini ta tuƙin jirgi ta ƙasarsu, ban ji ko kalma ba, amma na gane inda filafili ke shiga.

Dawowarmu ba abin labari sai tayar da ta fashe kusa da Ngaski, da direba da ya yi ta mita cewa filafilin na zungurar masa ƙeya. Na shiga gida Inna na tsintar shinkafa. Ta ga abin da ke kafaɗata, ta ajiye faifai. Ta ce, "To yi mini."

Na ce, "A tudu, Inna?"

Ta yi dariya har da hawaye. Ta yafa mayafi muka gangara bakin kogin Yelwa, na roƙi wani mai jirgi ya ara mini nasa yana ɗaure. Ya tsaya yana kallonmu, ni ina tuƙin jirgin da ba ya tafiya, tsohuwa a gaba ta rufe ido. Ta gyara mini kalma biyu a tsohon Gungancin. Da na zo baitin mahaifinsu leɓenta ya riƙa motsi. Da na yi nawa ta buɗe ido, ta sa na sake.

Ta ce, "Na ukun ya yi tsawo."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta ce, "Bar shi. Daga ji an san naka ne."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na fita da zaton adabin mutane kamar magani ne a kwalba, aikinka ka kiyaye kada wani abu ya shiga. Ashe na Filifin da na gungunmu duk abu ɗaya ya raya su: kowane zamani ya karɓa, ya sa nasa, ya miƙa. Littafin na nan, na fara rubuta abin da na riƙe don taimakon kaina, amma na san ba shi ne waƙar ba. Har yanzu tsoron ruwa bai bar ni ba. Duk da haka kullum na tashi aiki ina sauka bakin kogi da filafilin Kawu, mai jirgin nan ya fara kwance mini igiya. Ranar da ruwa ya kai farin turken, na yi wa Kawu da Inna alkawari ni zan tuƙa su mu ɗaure a gindinsa.